Tafiyata Stellenbosch, da kwalbar da na ajiye wa bikin 'yata

Tunda na dawo mutane ke tambayata labarin tafiyar nan, wasu a coci wasu a wajen aiki, to bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta. Amma kafin nan in faɗi wani abu, na san da yawa cikin masu karanta ni Musulmi ne, abokaina da muka tashi tare a Zariya, kuma ko cikinmu Kirista ba kowa ke sha ba, Mamata ma bata taɓa kai ta baki ba in ba ta jibin Ubangiji ba. Ba tallar giya nake ba. Aikina ne, shekara goma sha uku ina sashen abinci na wani otal a Abuja, ni ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye kwalaben giyar inabi, ni ke buɗe wa baƙi, kuma sai da na yi wannan tafiyar na gane abin da nake gaya wa mutane shekara da shekaru rabinsa ba haka yake ba.

Kamfanin da ke kawo mana kaya ne ya zaɓi mu biyar daga otal daban-daban, aka ce za a kai mu Afirka ta Kudu mu ga inda ake yin abin da muke sayarwa. Watan Maris na 2023 ne, lokacin ɗibar inabinsu kenan, don su can lokacin zafinsu ke ƙarewa kenan. Biza ta ɗan ja mu amma ta fito. Kwana uku kafin tafiya na je gida Wusasa sallama. Mama tana zaune tana tsince shinkafa na gaya mata, ta ɗago kai tace, yanzu kai har ƙasar waje za ka je koyon giya? Nace Mama aiki ne. Tace to Allah ya tsare, ka dai kula da kanka, ta sa mini albarka ta ƙulla mini kilishi da dakuwa, kilishin kam a nan na barshi don an ce ba a shiga da nama.

A ɗakina na gidan akwai wata kwalba a saman wadirob. A 2011, satin da aka haifi 'yata ta fari, wani baƙo ɗan Afirka ta Kudu da ya daɗe a otal ɗinmu ya ji ana mini barka sai ya bani kwalbar jar giya, ta irin inabin da ake kira Cabernet Sauvignon ce, ta 2009, yace ka ajiye sai ranar aurenta. Na kawo ta gida na tsayar da ita can sama inda yara ba za su kai ba, ƙarƙashin rufin kwano, shekara goma sha biyu duk wanda ya shigo sai na nuna masa ina cewa wannan kullum ƙara daraja take. Ranar nan ma sai da na sauko da ita na goge ƙura na ɗauki hotonta a waya, da niyyar in nuna wa masu abin in na je. Wani abokina manomin inabi ɗan Kudan shi ma ya zo har gida, shi ba ruwansa da giya, inabin ci yake nomawa, yace don Allah ka ɗauko mini hoton yadda suke ɗaure reshe da yadda suke aski, kuma in ka ga almakashi mai kyau ka sayo mini.

Wanda duk yake Najeriya a lokacin ya san wahalar kuɗi a hannu da aka sha, ga zaɓe an gama na shugaban ƙasa ana jiran na gwamnoni. A tasha mai POS sai da ya cire dubu biyu kafin ya bani dubu goma. Daga Zariya zuwa Kaduna shinge huɗu muka wuce, a ɗaya aka sauke mu aka buɗe but aka duba jakunkuna sannan muka wuce. Na hau jirgin ƙasa a Rigasa, lokacin bai fi wata uku da dawowa aiki ba bayan harin da aka kai masa a Maris na 2022, kowa a ciki shiru, in an shiga daji sai ka ga mutane na leƙen taga, sai da muka sauka Idu na ji wuyana ya saki. Abuja zuwa Legas, Legas zuwa Johannesbag wajen awa shida cikin dare, aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, sannan wani jirgin awa biyu zuwa Kef Tawun. Agogonsu na gaban namu da awa ɗaya.

Direban da ya zo ɗaukarmu dattijo ne da farar hula, kowa Boeta yake ce masa, wato Yaya. Da ya ji ni ɗan arewacin Najeriya ne sai ya yi mini sallama, na amsa masa cikakkiya har da wabarakatuhu, ya yi murna sosai, da nace masa ai ni Kirista ne sai ya tsaya yana kallona, nace a garinmu haka muke, gida ɗaya za ka samu mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Yace shi shekara ashirin yana kai baƙi gonakin inabi bai taɓa ɗanɗana ba, a mota yake jira. Daga nan muka ƙulla.

Daga filin jirgi zuwa Stellenbosch bai kai awa ɗaya ba, amma abin da ido ke gani a wannan ɗan tsakanin ya tsaya mini a rai. Kana hawa babban titin N2 za ka ga unguwannin ɗakunan kwano jere har inda ido ya ƙare, Khayelitsha kenan, wayoyin wuta a sarƙe kamar saƙar gizo, sai kuma ka karya kwana, minti ashirin bai cika ba ga ka cikin gonaki kore shar, fararen gidaje masu rufin ciyawa, duwatsu a baya kamar zane. Ya tuna mini Mpape da Maitama, sai dai nan tazarar ta fi ƙarfi. Shi garin tsoho ne, 1679 aka kafa shi, gwamnan Turawan Holan Simon van der Stel ya sa masa sunansa, bayan Kef Tawun babu wanda ya girme shi. Itatuwan ok manya-manya sun rufe tituna, ruwa na gudu a 'yan magudanai gefen hanya, ɗaliban jami'a ko'ina, a jami'ar ma har digiri ake yi kan noman inabi da yin giyarsa.

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne da ake kira Tannie, kamar ka ce Gwaggo, kamfani ya biya. Abin da ya fara bani mamaki kyandir da tocila da ta ajiye mana a ɗaki. Ashe su ma a lokacin ana ɗauke wuta, kuma a shekarar abin ya yi tsanani, bambancin kawai su a waya ake gaya maka daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, kuma lokacin na cika sai ta dawo, mu ko sai dai ka ga duhu. Layin waya da data na kashe rand 250, a lokacin rand ɗaya wajen naira 40 ne a kasuwar bayan fage. Da dare iska mai sanyi ke tasowa daga teku, ni da na baro zafin Maris a Abuja sai da na nemi ƙarin bargo.

Washegari ƙarfe biyar da rabi aka tashe mu, wai da sanyin safiya ake ɗiba kafin rana ta gasa 'ya'yan. Gonar a gindin dutsen Simonsberg take, ƙasar ja-ja mai tsakuwa. Wanda aka haɗa mu da shi wani tsoho ne mai kula da gangunan, Oom ake ce masa wato Kawu, hannunsa duk ya rine. Ya yanko nonon inabi ɗaya ya miƙo mini yace ci. Ni na saba da inabin Kudan da na kanti, manya masu ruwa, wannan ko ƙanana ne kamar ɗinya ƙarama, baƙi wuluk, fatar da kauri. Na tauna, zaƙi ya fara zuwa kamar zuma, yace kar ka tofar, ci gaba da tauna fatar da ƙwallon. Kai! Nan take bakina ya ɗaure, harshe ya bushe, dasashi ya kama kamar na ci ɗanyar kanya ko na tauna goro marar kyau. Yace wannan shi ne tannin, kuma wannan baurin shi ne ƙashin bayan giyar, in babu shi ba za ta yi shekaru ba. Yace sunan ma daga jimar fata ya samo asali. Sai kawai bagaruwa ta faɗo mini, wadda majema ke jiƙa fata da ita a Kano da Zariya, na ba shi labari, yace ai abu ɗaya ne, abin da bagaruwa ke yi wa fatar akuya shi wannan ke yi wa fatar bakinka. Shekara goma sha uku ina jin kalmar a bakin baƙi ina gyaɗa kai, sai ranar na gane ta.

Ya matse ƙwaya ɗaya a tafin hannuna, ruwan fari ne tas. Ashe jan duk a fata yake. Shi ya sa in an murje inabin ba a tace shi, ana barin ruwan da fatar da ƙwallon tare a manyan tankuna sati ɗaya zuwa uku, yis na cinye sukari yana mai da shi giya, fatar na taso wa sama ta yi tudu, ana danna ta ƙasa da wani dogon ƙarfe sau da yawa a rana don launi da bauri su fita. Sun bani na danna, abin da nauyi, zafi na tasowa daga ciki kamar tukunya, Oom ya riƙe mini riga yace kar ka sunkuya sosai, iskar da ke fita tana iya sumar da mutum. Sukarin suna auna shi tun a gona da ma'aunin da suke kira Balling, in ya kai wajen 24 ko 25 sai a ɗiba, shi ke ba da giya mai ƙarfin kashi 14 cikin ɗari ko fiye kaɗan, kuma wannan ƙarfin haɗe da baurin shi ke sa ka ji ta da nauyi a baki, kamar bambancin kindirmo da tsala. Daga tanki sai gangar katakon ok, kowace na cin lita 225, kwalba 300 kenan, ta kwana a ciki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Katakon na numfashi kaɗan kaɗan, giyar na raguwa, suna bi suna cikawa.

Na yi awa biyu ina ɗiba tare da ma'aikatan, yawancinsu mata ne, da almakashi da kwando, suna gudu don a kan kwando ake ƙarin kuɗi. Bayana ya riƙe tun kafin in cika na uku. Wata uwa da ke layin kusa da ni, ta kai sa'ar Mama, ta gyara mini riƙon almakashin don kar in yanke yatsa. Da muka zauna shan shayi ta bani burodi, na tambaye ta ko tana shan abin da take ɗiba, ta girgiza kai da ƙarfi tace ita da giya har abada. Tace babanta a gona aka haife shi a gona ya mutu, kuma a zamaninsu wani ɓangare na ladan aiki da giya ake biya, gwangwani da safe gwangwani da rana gwangwani da yamma, dop suke kiran tsarin, an hana shi a doka amma ya daɗe ana yi a ɓoye, kuma har yau yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yaran da giya ta lalata tun suna ciki a duniya. Ta faɗi wannan ba tare da ɗaga murya ba tana kurɓar shayinta. Ta bani labarin yajin aikin 2012 da ya fara a De Doorns, inda ake noman inabin ci, ana biyansu rand 69 a wuni suka ce sai 150, ƙarshe aka tsaya a 105. A watan da muka je mafi ƙarancin albashi ya koma rand 25.42 a awa. Na riƙe wannan lissafin a kaina, don da yamma na ga kwalbar rand 900 a kantin gonar, aikinta na awa 35 kenan. Tun daga ranar duk kwalbar da zan buɗe wa baƙo sai matar nan ta faɗo mini.

Da la'asar aka shiga da mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Sanyi ya buge ni tun daga matakala, duhu, ƙamshin katako da danshi, ma'aunin zafi a bango na nuna 14. Kwalabe kwance a ramuka, ƙura ta rufe su, ba ko ɗaya a tsaye. Oom ya jera mana kofunan gilashi huɗu huɗu, ga farar takarda, ga bokitin tofarwa, don masu wannan aikin basa haɗiyewa, kurkure baki suke su tofar, in ba haka ba kafin azahar sun faɗi. Inabi iri ɗaya, Cabernet, gona ɗaya, shekaru ne kawai suka bambanta: ta 2022 da ya zuƙo daga ganga, ta 2015, ta 2009, da wata ta 1994.

Ta farko in ka karkata kofin a kan takarda baka ganin komai ta ciki, baƙi-baƙi ce mai shuɗi a gefe, kamar zoɓon da aka dafa da kauri ba a sirka ba. Ƙamshinta na tsalle ya same ka tun kafin ka kai hanci, ɗanyen 'ya'yan itace, ɗinya da ta nuna, ɗan ƙamshin koren tattasai, ga na sabon katako da kanumfari a kai. Na kurɓa. Kamar an sa mini tsumma an goge bakin, haƙora suka yi ƙaiƙayi, tsami ta gefe, zafi a maƙoshi, komai na ihu lokaci ɗaya kowa na son a ji shi. Abokiyar tafiyarmu 'yar Legas ta yamutsa fuska tace wannan ai magani ne. Oom ya yi dariya ya yanko mana biltong, busasshen namansu, shi ba a shafa masa tunkuza da yaji kamar kilishi, kauri gare shi kuma da kitse, yace ku tauna ku sake kurɓa. Wallahi sai ga baurin ya kwanta, wai kitse da nama ke kama shi kafin ya kama bakinka. Shi ya sa ake haɗa irin wannan giyar da gasasshen nama, ni da nake ba baƙi ita da farfesun kifi mai yaji suna cewa ta yi ɗaci, ashe yaji ƙara mata wuta yake.

Ta 2015, shekarar da suke alfahari da ita, ta fara risina. Launin ya koma ja sosai, shuɗin ya tafi. 'Ya'yan itacen na nan amma kamar an ɗan dafa su, katakon ya shige ciki baka jinsa daban, baurin na nan amma ya yi laushi, da buhu ne yanzu ya zama shadda. Ta 2009 ita ce ta sa na yi shiru. Gefen kofin ya koma kalar jan bulo, tsakiya na nan da duhu. Na kai hanci ban ji komai sosai ba da farko, yace juya kofin ka jira. Bayan minti biyar sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, busasshen dabino, ganyen taba, fatar da aka jeme kamar ka shiga rumfar dukawa, sannan can ƙasa wani ƙamshi da na sani tun ina yaro, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. A baki ba ta kama ko'ina, santsi take, nauyin na nan amma ba faɗa, kuma bayan na tofar ɗanɗanon ya zauna ya fi minti ɗaya yana canzawa. A gindin kwalbar wani baƙin gari-gari ya kwanta, Oom ya haska kyandir a wuyanta yana tsiyayewa a hankali cikin tulun gilashi, yace wannan baurin ne da launin suka haɗu suka yi nauyi suka faɗo, shi ya sa giyar ta yi haske ta yi laushi. Ni da a wurin aiki in baƙo ya ga wannan garin sai in ba shi haƙuri in canza masa kwalba ina zaton ta lalace.

Ta 1994 na ɗauka ita ce za ta fi duka, har na gyara tsayuwa. Launinta kamar shayin da ya daɗe, ƙamshin busasshen ganye da naman kaza, a baki ba jiki, 'ya'yan itacen sun tafi sai tsami ya rage tsirara. Oom yace da gangan ya buɗe mana ita, ta wuce lokacinta da kusan shekara goma, kowace giya hawa take ta tsaya a sama na wasu shekaru sannan ta gangaro, kuma yawancin giyar da ake sayarwa a duniya ma ba don ajiya aka yi ta ba, ta shekara biyu ce ko uku, wadda za ta jure sai mai bauri da tsami da jiki tun tana sabuwa. Na tuna bammi da ake sha da safe da zaƙi kafin yamma ya yi tsami, da burkutu da baya kwana biyu, ashe ita ma wannan hanyar take bi, tafiyarta ce kawai a hankali.

A nan ne na ciro waya na nuna masa hoton kwalbata, ina murmushi, nace nima ina da ta 2009. Ya karɓa ya faɗaɗa hoton, yace gona ce mai kyau, ya san su. Sai ya tambaya a ina take. Nace a ɗaki, saman wadirob. A tsaye? Nace e. Zafin garinku nawa yake kai wa? Nace a bazara yana taɓa 40, ƙarƙashin kwano ma ya fi. Ya yi shiru ya ƙara faɗaɗa hoton ya nuna mini wuyan kwalbar, giyar ta sauka ƙasa da kafaɗa, ga wani busasshen layi da ya gangaro ta kan takardar wanda ni ban taɓa kula da shi ba. Yace ɗana, ka yi haƙuri, wannan ta dahu tun shekarun farko. Zafi na kumbura giyar ta tura toshiyar, sanyi ya zo ta koma ta ja iska ciki, ga toshiyar ɓawon itace ce, in kwalba na tsaye bushewa take ta tsuke. Yace kar ka jira bikin, ka je ka buɗe ta ka sani. Gaskiya abin ya taɓa ni fiye da yadda na zata, ba don giyar ba, don shekara goma sha biyu ina kallon kwalbar nan ina hango ranar auren yarinyar. Sannan hankalina ya koma ɗakin ajiyarmu na otal, da ke jikin kicin, da na'urar sanyin da ake kashewa da dare, da baƙin da suka sha cewa giyar nan wani iri take ina ce musu ai haka tsohuwar giya take.

Sauran kwanakin mun zaga wasu gonakin, Franschhoek inda Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka sauka a 1688, da Groot Constantia da ke nan tun 1685, aka bamu Pinotage, irin inabin da Farfesa Perold ya haɗa a 1925 a nan Stellenbosch, ita wani ƙamshin hayaƙi gare ta, ban so ta kamar Cabernet ba. Na ɗauki wa abokina hotuna sun fi ɗari, yadda suke jan reshe biyu a kan waya ɗaya, da yadda kowace itaciya aure aka yi mata a kan saiwar wani irin inabi na Amurka saboda wani ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo musu a 1886 ya kusa gamawa da gonakin. Almakashi na samu a shagon kayan gona rand 380. Abinci kam nama ne ba iyaka, braai suke ce wa gashinsu, da pap wanda tuwon masara ne sak sai dai ba miyar kuka, kwana huɗu na fara mafarkin miya.

Ranar Juma'a ba mu da aiki, Boeta yace in raka shi Bo-Kaap unguwarsu. Gidaje ne kala-kala a jikin tudu, titin duwatsu, dutsen Tebur a sama gajimare ya lulluɓe kansa. Ya nuna mini masallacin Auwal na 1794, mafi tsufa a ƙasar, yace kakanninsu bayi ne da fursunoni da Turawan Holan suka kwaso daga Indonesiya da wasu wuraren, kuma da yawa cikin bayin nan su suka yi aikin gonakin inabin farko. Ya shiga sallah na zauna a dakali ina jiransa ina jin huɗuba ta lasifika, sai na ji kamar ina ƙofar gidan abokina a Tudun Wada. Da ya fito ya kai ni gidan ƙanwarsa, aka kawo bobotie, niƙaƙƙen nama ne da ƙwai a sama da shinkafa mai kurkur, da koesister mai kirfa da kwakwa, azumi saura 'yan kwanaki ana ta shiri. Nan ne kawai na ci abinci mai kayan ƙamshi irin na gida har na ƙoshi, na kawo kuɗi suka ƙi karɓa.

Na daɗe ina tsaye gaban kwalbar 2015 ɗin nan ta rand 900, ina so in saya wa yarinyar madadin waccan, amma na tambayi kaina a ina zan ajiye ta, ba ni da ɗaki mai sanyi 14 dare da rana na shekara goma, sai na haƙura na saya mata jakar makaranta da takalmi. Dawowa ba wani labari, sai jakata da ta kwana biyu a Legas kafin ta iso.

A wurin aiki na samu manaja na zayyana masa komai, Allah ya sa ya saurara, aka mai da kwalaben wani ɗaki nesa da kicin, aka kwantar da su, na'urar sanyi ba a kashewa, na bi su ɗaya bayan ɗaya na ware goma sha bakwai da suka yi yoyo. Da Ista na je Wusasa. Bayan an taso daga coci na sauko da kwalbar, na kira Yayana da matata da yarinyar, Mama na gefe a kan tabarma. Ina sa abin buɗewa toshiyar ta ruguje kamar busasshen ƙuli, sai da na tace da rariya. Launin ruwan ƙasa ne kamar ruwan tsamiya, ƙamshin kamar dafaffen zoɓon da ya kwana uku a rana haɗe da ruwan kal, na ɗan taɓa a harshe na tofar. Yarinyar tace Baba to yanzu me za a sha ranar bikin nawa? Mama tace kunun aya da zoɓo mana, kamar yadda aka sha a na uwarki. Na zubar da sauran a gindin bishiyar lemu. Da yamma abokina na Kudan ya zo ya karɓi almakashinsa, muka zauna a zaure yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya yana tambayata tazarar da ke tsakanin layi da layi, kwalbar kuma Mama ta wanke ta ta shanya ta cika ta da soyayyar gyaɗa ta bani in tafi da ita Abuja.